Ƙashin gindin babban yatsan ƙafata ya turo, ko sai an yi tiyata?

Tambaya: Likita, shekarata 44, aikina na tsayuwa ne tun safe har yamma. Kusan shekara shida ke nan wani ƙululu ya fito mini a gefen ƙafa, daidai gindin babban yatsa, na dama ya fi na hagu girma. Yatsan ya karkata har yana neman hawa kan na kusa da shi. Mahaifiyata ma haka ƙafarta take. Na sayi wani abin ɗaure yatsa da ake kwana da shi, wata biyar ina sa shi ban ga canji ba. Wata ƙawata ta ce in je a yanke ƙululun tun bai yi girma ba. Akwai maganin da zai narkar da shi? Sannan 'yata mai shekara 13 na ga tata ƙafar ta fara.

Amsa: Malama, sannu da fama. Bari in fara da maganar narkarwa, domin a kanta ake cin kuɗin mutane. Babu man shafawa, babu ƙwaya, babu allura ko tausa da za ta narkar da wannan ƙululu, saboda babu wani abu a wurin da zai narke. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙari ne, ko wani ƙashi da ya tsiro daga baya. Abin da kike taɓawa kan ƙashinki ne na asali, wanda aka haife ki da shi, ya dai goce daga mazauninsa. In kika riƙe wannan, za ki iya bambance shawarar ƙwarai da ta 'yan talla da kanki.

Ɗora yatsun hannu a bayan ƙafarki ki lalluba. Za ki ji dogayen ƙasusuwa biyar sun taso daga tsakiyar ƙafa, kowanne ya nufi yatsa ɗaya. Na farkon, mai ɗauke da babban yatsa, shi ne mafi kauri. A lafiyayyar ƙafa yana kwance dab da na biyu, babban yatsa kuma ya miƙe a gabansa sak. A taki ƙafar wannan dogon ƙashi ya buɗe, kansa ya rabu da 'yan'uwansa ya nufi wajen ɗaya ƙafar, shi kuma yatsan ya karkata ta ɗaya ɓangaren ya jingina da maƙwabcinsa. Ƙasusuwa biyu da ya kamata su bi layi ɗaya sun yi kusurwa, tsinin kusurwar ne ya turo fata. Miƙe hannunki ki dubi gwiwar hannu, da ƙyar za ki gan ta. Lanƙwasa shi, ga ta nan ta fito. Ba wanda zai ce gwiwar tsirowa ta yi. Turawa suna kiran abin baniyon, mu kuma a asibiti haluks balgus muke rubutawa, sunan da wani likitan tiyata Bajamushe, Carl Hueter, ya raɗa masa a ƙarni na 19.

Dalilin da ya sa yake ƙaruwa da shekaru yana cikin jijiyoyin da ke jan yatsa sama da ƙasa, wato igiyoyin nan da suka haɗa tsoka da ƙashi. Muddin gaɓar tana miƙe, ta tsakiyarta suke bi. Da zarar ta karkata sai su koma ta cikin lanƙwasar, su zama kamar tsirkiya a jikin baka: duk lokacin da kika taka suka ɗame, sai bakan ya ƙara tanƙwaruwa. Tsokar da aikinta shi ne janye babban yatsa daga sauran kuwa takan zame ta koma ƙarƙashin ƙafa, ta rasa ƙarfin yin aikin. Akwai kuma wasu ƙananan ƙasusuwa biyu, kamar 'yan tsakuwa, da kan dogon ƙashin ke zama a kansu. A hankali yakan sauka daga kansu. Wannan duk a hankali yake tafiya, a wasu mutanen ma yakan tsaya cak shekaru masu yawa, amma bai komawa baya da kansa.

Ba ke kaɗai ba ce. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 65 suna da shi, a waɗanda suka haura 65 kuma ya kai kusan kashi 36. Mata sun ninka maza.

Da kika ambaci mahaifiyarki kin taɓo gardamar da likitoci suka daɗe suna yi: gado ne ko takalmi? Kowane ɓangare yana da hujja. A Sifen an bi dangin marasa lafiya 350, aka samu kashi 90 cikin ɗari suna da wani a gidansu mai irin ƙafar. Ba ƙululun ake gada kai tsaye ba. Ginin ƙafar ake gada: sakakkun jijiyoyin gaɓa, ko tafin ƙafar da ba shi da kwarmi ya shimfiɗu a ƙasa, ko dogon ƙashin farko da ke motsi fiye da kima a gindinsa. Masu zargin takalmi su ma ba su faɗi a ƙasa ba. A Hong Kong, a 1958, an gwada ƙafafun masu sa takalmi da na marasa sawa, aka ga karkatar a kusan kashi 33 na masu sawa, a marasa sawa kuwa ba ta kai kashi 2 ba. Wanda ya fi burge ni shi ne binciken da aka fitar a 2021 kan ƙasusuwan mutum 177 da aka tono a tsofaffin maƙabartun Kambirij ta Ingila. A cikin waɗanda aka binne tsakanin ƙarni na 11 da na 13, kashi 6 ne ke da shi. A na ƙarni na 14 da na 15, lokacin da ake yayin wani takalmi mai dogon baki siriri, ya tashi zuwa kashi 27, kuma maza ne da yawa a ciki. A nawa ganin, gado ne ke shirya ƙafar, takalmi kuma ya ingiza ta. Gadon ba ki da iko a kansa. Takalmin yana hannunki. Tsayuwar aiki ita ma ban ce ita ta jawo miki ba, amma tabbas tana ƙara miki jin zafin.

Abu ɗaya ba ki faɗa mini ba, alhali shi zan fara tambaya da kin zo gabana: ina ne ainihin yake miki ciwo, kuma yaushe? Girman ƙululu da yawan ciwo ba sa tafiya tare. Na sha ganin tsohuwa da yatsan ya kwanta gaba ɗaya a ƙarƙashin na biyu tana tafiyarta lafiya lau, na kuma ga budurwa mai 'yar karkata kaɗan da ba ta iya wuni da takalmi. Wani ciwon a kan ƙululun yake, inda takalmi ke goga. Fatar ta yi ja, 'yar jakar ruwan da ke ƙarƙashinta ta kumbura, wani lokaci a ji zugi ko dindiris a gefen yatsa saboda an danne wata siririyar jijiyar ji da ta bi ta wurin. Irin wannan yakan lafa da an tuɓe takalmi, kuma shi ya fi jin magani. Wani ciwon a can cikin gaɓar yake, ana jinsa ko ba takalmi, musamman wajen ɗaga dunduniya a tura ƙafa gaba; wannan yana nuna guringuntsin gaɓar ya fara ci. Akwai kuma wanda mutane ba sa danganta shi da ƙululun sam, ciwon tudun tafin ƙafa a gindin yatsa na biyu da na uku, kamar an taka tsakuwa, da kanta, wato fata mai tauri, a wurin. Babban yatsa ne ya daina ɗaukar nasa kason nauyin, ya bar wa ƙannensa. In abin ya daɗe, yatsa na biyu yakan ƙudundune ya tashi sama. Wannan na ukun shi nake sa wa ido, don yana nuna matsalar ta fara shafar sauran ƙafar.

Ki kuma sani ba duk ciwon wannan gaɓa ba ne daga karkatar. Idan cikin dare ɗaya gaɓar ta kumbura ta yi ja ta ɗauki zafi, har ko mayafi ya taɓa ta sai an yi ƙara, a yi tunanin gawut, cutar da sinadarin yurik ke taruwa a gaɓa. Maganinta daban ne. Idan tudun a saman gaɓar yake, yatsan yana miƙe amma ya ƙi ɗaguwa sama, amosanin gaɓa ne. Idan gaɓoɓin hannu ma suna ciwo suna sandarewa da safe, a yi gwajin jini. Wurin ya fashe, ko yana fitar da ruwa, ko ga zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar. Mai ciwon suga kuwa, ko wanda jini bai gudana sosai a ƙafarsa, ƙululun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, domin takalmi zai iya cin wurin ya zama gyambo bai ji ba. Kullum ya duba ƙafarsa da ido.

To, me za a yi? Takalmi ne farko, kuma shi ne rabin aikin ko fiye. Na san kin sha ji har kin gaji, don haka ga wata 'yar jarrabawa da za ki yi yau. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa da yamma bayan kin taso daga aiki, ki taka ta a tsaye da dukkan nauyinki, wani ya zagaye ƙafar da alƙalami. Sai ki ɗauko takalman da kika fi sawa ki ɗora kowanne a kan zanen. Duk wanda zanen ya leƙo ta gefensa, wannan takalmin matse ki yake yi, ko da kin saba da shi har ba kya ji. Yawancin matan da na sa suka yi wannan sukan dawo suna dariya, wasu kuma ransu a ɓace, don takalmin da suka fi ƙauna shi ke fara faɗuwa.

Takalmin da kike nema mai faɗin baki ne, mai zurfi ta gaba yadda za ki iya motsa yatsu a ciki, samansa mai laushi, babu ɗinki ko maɗauri da ya ratsa daidai kan ƙululun. A bar sarari kamar santimita 1 tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Dunduniyar kada ta wuce santimita 4, saboda duk tsawon da aka ƙara mata nauyi ne ake turawa gaba, kan gaɓar da ke ciwo. Mai igiya ko maɗauri ya fi wanda ake zura ƙafa kawai, don yana riƙe tsakiyar ƙafa ya hana ta zamewa gaba ta cushe. Ki gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki gwada ƙafa biyun, ki saya daidai da wadda ta fi girma. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara lamba: a sayi mai tsawo alhali faɗi ake bukata, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, ƙululun kuma yana nan a matse. Kada ki yarda da mai sayarwa in ya ce zai buɗe in an sa shi. Kafin ya buɗe ƙafarki ce za ta biya. In akwai takalmin fata da ba kya son rabuwa da shi, mai gyaran takalmi zai iya buɗa fatar daidai wurin ƙululun. Ban ce ki haramta wa kanki takalmin ado ba. Awa biyu a wurin taro ba shi ne matsalar ba, awa tara na kowace ranar aiki su ne.

Yanzu abin ɗaure yatsan da kika saya. Ba ki yi kuskure wajen sa shi ba, kuma ba wai wata biyar ɗin ne suka yi kaɗan ba. Ko shekara biyar kika yi, abin da kika gani shi za ki gani. Yana miƙar da yatsa muddin yana ɗaure, da an kwance an taka ƙasa sai yatsan ya koma inda ya fito. Dalilin a fili yake: da dare ƙafar ba ta ɗauke da nauyi, ƙarfin da ke karkatar da ita da rana yake aiki, sannan tushen matsalar yana can baya a dogon ƙashin da abin bai ko taɓa shi ba. Hotunan da ake nunawa a intanet na ƙafa kafin da bayan amfani da shi, ki lura da kyau, sau da yawa na biyun an ɗauke shi ne ƙafar tana sama ba ta taka ƙasa ba. In kina jin sauƙin ciwo da safe idan kin kwana da shi, ci gaba, ba ya cutarwa. In ba kya jin komai, ki huta.

Akwai ƙananan abubuwan da suka fi shi amfani da rana. 'Yar robar silikon mai laushi da ake sawa tsakanin babban yatsa da na biyu tana hana su gogar juna, wasu kuma tana rage musu ciwon gaɓar, amma sai takalmin yana da wurinta, in ba haka ba ƙarin matsi ce. Akwai matashin roba da ake rufe ƙululun da shi. A guji filastar cire kanta mai sinadarin da ke cin fata, a kuma guji reza. Shimfiɗar cikin takalmi mai tallafe kwarmin tafin ƙafa tana taimaka wa masu shimfiɗaɗɗen tafi, wadda ke da ɗan tudu a bayan gindin yatsu kuma tana rage ciwon nan mai kama da taka tsakuwa. Ba dole sai wadda aka auna aka ƙera musamman ba, a fara da ta kanti.

Motsa ƙafa yana da nasa wurin, in dai ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Zauna ki kafa ƙafa a ƙasa, ɗaga yatsun duka ki baza su, sauke ƙaramin yatsa, sannan ki sauke babban kina ƙoƙarin nisanta shi da sauran, ki riƙe daƙiƙa 5, ki maimaita sau 10. Da farko zai ƙi jin magana, kamar ba naki ba. Tsokar ce ta manta aikinta. Ki haɗa da miƙar da sha-raɓa a jikin bango, dunduniya a ƙasa, daƙiƙa 30 sau uku, domin ɗamammiyar sha-raɓa tana tura nauyi gaban ƙafa. Waɗannan ba za su mayar da ƙashi ba, amma suna hana gaɓar sandarewa, suna kuma rage ciwo. In akwai ƙiba, rage ta sauƙi ne ga ƙafa.

Ranar da ya tashi, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 10 zuwa 15, banda mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai. Farasitamol ya isa a mafi yawan lokuta. Man diklofenak na shafawa yana aiki da kyau a nan tunda gaɓar tana dab da fata. Ibufurofen da danginsa na 'yan kwanaki ne, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Allurar sitiroyid a gaɓar ba na gaggawar yin ta. Tana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma maimaita ta yana raunana jijiyoyin da dama can sun saki.

Sai maganar ƙawarki, a yanke tun bai girma ba. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban goyi baya ba, ta fuska biyu. Ta farko, ba a yin wannan tiyata don rigakafi, ba a kuma yin ta don kyan ƙafa. Ƙafar da ba ta ciwo in aka yanka ta, abu ɗaya ne sabo da za a iya ba ta, shi ne ciwo. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ta biyu, sare ƙululun kaɗai ba ya magance komai, tunda kan ƙashin gaɓa ne. A da an yi ta yin hakan, aka ga yana dawowa, domin kusurwar tana nan.

Wannan ba ya nufin ina gudun tiyata. Ita kaɗai ce ke miƙar da ƙashin da gaske, kuma ga wanda ya cancanta tana canza rayuwa. A Finland an yi wani gwaji da aka wallafa a 2001, aka raba marasa lafiya 209 masu jin ciwo gida uku: wasu tiyata, wasu shimfiɗar takalmi, wasu jira kawai. A wata shida masu shimfiɗar sun sami sauƙi. Bayan shekara guda, kashi 83 na masu tiyata sun ce sun fi da, masu shimfiɗa kashi 46, masu jira kashi 24. Ki dubi lambobin ta ɓangare biyu. Tiyata ta yi nasara a fili, amma kusan rabin masu shimfiɗar sun ji sauƙi ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. Shi ya sa nake cewa a ba takalmi da sauran matakan nan wata uku zuwa shida da gaske, ba na jeka-na-yi-ka ba. In bayan haka ciwo yana hana ki aiki ko tafiyar da kika saba, ko babu takalmin da ke shigarki, ko yatsa na biyu ya fara tashi, ko fatar tana yawan fashewa, to lokaci ya yi da za ki zauna da likitan ƙashi mai aikin ƙafa. Yadda kika ce yatsanki yana neman hawa kan na kusa da shi ya isa dalilin a duba ki tun yanzu, ko da ba za a yi komai ba.

Zai sa a ɗauki hoton ƙashi, kuma dole a tsaye, kina taka ƙafar. Hoton kwance yana ɓoye gaskiyar karkatar. Kusurwa biyu ake aunawa. Tsakanin yatsa da dogon ƙashinsa, ƙasa da digiri 15 lafiya ce, zuwa 20 kaɗan ce, 20 zuwa 40 matsakaiciya, sama da 40 mai tsanani. Tsakanin dogon ƙashi na farko da na biyu kuma bai kamata ta wuce digiri 9 ba. Waɗannan lambobi suna gaya wa likita irin aikin da zai yi. Ba su ne ke cewa a yi ko kada a yi ba. Wannan hukuncin ciwonki ne ke yanke shi.

An rubuta hanyoyin wannan tiyata fiye da ɗari, wanda shi kansa shaida ne cewa babu guda da ta dace da kowa. Mafi yawansu abu ɗaya suke yi: a yanka dogon ƙashin da ɗan zarto, a zamar da kansa ya koma kusa da na biyu, a kafe shi da ƙananan kusoshin ƙarfe, a sassauta jijiyoyin da suka ɗame a ɗame waɗanda suka saki. Ga karkata kaɗan ko matsakaiciya akan yi yanka mai siffar harafin V kusa da kan ƙashin. Ga wadda ta fi haka akan yi doguwar yanka mai siffar Z a tsawonsa. Sau da yawa akan cire 'yar tsinke daga ƙashin yatsan ma don ya ƙarasa miƙewa. In gindin dogon ƙashin ne ke rawa, ko karkatar ta yi yawa, akan manne gaɓar da ke tsakiyar ƙafa ta zama ƙashi ɗaya, hanyar da wani likita a Amurka, Paul Lapidus, ya yi bayaninta a 1934. In kuwa guringuntsin gaɓar yatsan ya cinye, ita kanta ake mannewa. Yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa a wurin ba, amma ciwo yakan tafi, ana kuma tafiya lafiya. Yanzu akwai masu yin aikin ta ƙananan huji maimakon doguwar tsaga. Tabon ya fi ƙanƙanta, amma kada a ruɗe ki, ƙashi dai an yanka shi, kuma ƙashi bai san girman hujin da aka bi aka same shi ba; lokacin haɗewarsa yana nan yadda yake. Wanda ya ce miki zai cire ƙululun da hasken lesa har ki tashi ki tafi abinki nan take, ki ƙara tambaya.

Jinyar ita ce mutane ba sa shirya mata, ke kuma mai aikin tsayuwa ita ya kamata ki fi aunawa. Galibi a ranar ake sallama. Mako biyun farko ƙafa a sama take, bisa matashi, sai zagayawa kawai; wanda ya karya wannan doka kumburi ne ke hukunta shi. Wajen mako biyu ake cire ɗinki. Kusan mako shida ana tafiya da wani takalmi na musamman mai tauri, a wasu hanyoyin ma ba a taka ƙafar sosai a farko. Tunda ta dama ce, tuƙin mota sai bayan mako shida zuwa takwas. Mai aikin zama zai iya komawa da wuri, mai wuni a tsaye kuwa ya ƙiyasta wata biyu zuwa uku. Kumburi yakan kai wata shida, wani har shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya: hutun aiki da mai taimako a gida, a tanade su kafin a sa rana. Ƙafa biyu a lokaci ɗaya ana yi, amma ni na fi son a fara da mai ciwon, a bar miki ɗaya ta dogara. Mai shan taba ya daina makonni kafin aikin, don taba tana hana ƙashi haɗewa da rauni warkewa. Mai ciwon suga kuma sai sugan ya daidaita.

Likitan kirki zai faɗa miki abin da ka iya biyo baya ba tare da kin matsa ba. Karkatar tana iya dawowa bayan shekaru. Ana iya wuce gona da iri yatsan ya karkata ta ɗaya ɓangaren. Gaɓar tana iya sandarewa, gefen yatsa ya yi dindiris, rauni ya kamu da ƙwayar cuta, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ko ciwo ya koma gindin yatsa na biyu. Wani babban nazari na 2018 da ya tattara sakamakon tiyatoci masu yawa ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 bai gamsu ba. A abin da na gani, da yawa daga cikin marasa gamsuwar sun shiga ne da burin komawa siririn takalmi mai tsini, abin da tiyatar ba ta yi alkawari ba. Ki tambayi likitan wace hanya zai bi, me ya sa ita ta dace da hotonki, sau nawa yake yin irinta, da kuma yaushe za ki taka ƙafar.

Game da 'yarki, na san abin da ke ranki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ma haka ne a nan. A Ingila an gwada shimfiɗar takalmi ta musamman a kan yara 'yan shekara 9 zuwa 10 masu wannan karkata, aka bi su shekaru, sakamakon da aka fitar a 1994 ya nuna ba ta hana karkatar ci gaba ba. Tiyata kuma a shekarunta ba ma son yi sai dole, domin ƙashin bai gama girma ba kuma dawowar ta fi yawa a yara. Akan jira girman ƙafar ya tsaya, wanda a 'yan mata yakan zo wajen shekara 14 zuwa 15. In ba ta jin ciwo, kada a sa mata damuwa a rai, kada kuma a hana ta guje-guje da wasa. A riƙa duba takalmin makarantarta kowane wata uku ko huɗu, don yara sukan ci gaba da cusa ƙafa a takalmin da ya yi musu kaɗan ba su ce komai ba. In tana jin ciwo, ko ƙafa ɗaya ce kawai ke saurin karkata, ko tafiyarta ta canza, a kai ta a duba. Ranar da za ki zana taki ƙafar a takarda, ki zana tata ma, ki rubuta kwanan wata a jiki ki adana. Bayan wata shida ki sake, ki ɗora sabuwar a kan tsohuwar ki ɗaga su wajen haske. In za ku je asibiti, ki tafi da takardun da kuma takalman da kuka fi sawa, ke da ita.